Daren da Kowa Ya Zama Injiniya a Gehuru

Mu mutanen Gehuru, da 'yan uwanmu na Alelu da Kimba da Basaura, har a kai Jega da Aliero da Maiyama, Allah Ya yi mana wata baiwa da ba mu cika faɗa a bainar jama'a ba. Duk cikinmu babu wanda bai iya gyaran talabijin ba. Ba mu je makarantarsa ba, ba mu taɓa buɗe ɗan littafin nan da ke zuwa cikin kwali ba, don shi tun ranar farko ake ba yara su yi jirgi da shi, in ya tsira daga hannunsu kuma a ƙulle ƙosai a ciki. Amma bari hoto ya ɗauke ka sha kallo. Mai sayar da albasa injiniya, ɗan acaɓa injiniya, liman ma in ya biyo ta ƙofar gida zai ɗan rage tafiya ya ce, "Kun dai duba wayar?"

Abin da ya tuna mini da wannan baiwa tamu shi ne hutun da ɗan yayana ya zo gida daga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi da ke Aliero. Bayan sallar isha'i ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan kore-koren abu, faɗinsa bai wuce katin cirar kuɗi na banki ba, ya ce wai kwamfuta ce. Kawu ya karɓa, ya juya gaba, ya juya baya, ya shinshina, sannan ya ce, "Kai yaro, wanga hanjin rediyo ne. Ina sauran ta?" Yaro ya rantse cewa iyakarta ke nan. Sunanta Raspberry Pi, a Birtaniya aka ƙirƙiro ta, ta fara fita kasuwa a 2012 a kan dala 35, kuma tun asali don yara masu koyo aka yi ta. Tasa irin ta 2016 ce, ta uku a ɗakinsu. Ba ta da allo, ba ta da madannai, ba ta da ko riga, sai dai a ara mata fuskar talabijin. Niyyarsa kuwa mai kyau ce. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, ga ƙannensa biyu za su zauna ta, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa riƙe linzamin kwamfuta. Ya ce a bari su riƙa gwaji a gida.

To, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Aka jona waya, aka kunna, sai ga allo shuɗi fes, da ɗan akwatin nan mai yawo daga kusurwa zuwa kusurwa yana shelar babu sigina. Kafin yaro ya buɗe baki, ɗaki ya cika.

Mu fa da tsarinmu muke aiki, kada wani ya ɗauka hauka muke yi. Farko a zare waya a busa mata iska. Wannan gadon zamanin kaset ne da bidiyo, kuma ba zan ce ƙarya ce zalla ba, don wanda ya san ƙurar hunturu a ƙasar Kabi ya san tana shiga inda allura ba ta shiga. Sai dai mu busar tamu da yawu take tafe, ka ga an fitar da ƙura an zuba damina. In busa ba ta yi ba, a cire batirin rimot a ciza, a murza a tafin hannu, a mayar. In wannan ma bai yi ba sai a koma ga babban magani, wato mari. A da, lokacin talabijin mai doro, marin yakan yi aiki wani sa'in, saboda akwai abin da ya saki a ciki, girgiza ta mayar da shi mazauninsa. Na yanzu shafal yake kamar faifai, babu ma inda za ka mara sai ka riƙe shi da hannu ɗaya kada ya kife, amma ba mu fasa ba. Kawu ya ba shi biyu masu kyau, sannan ya leƙa waje ya ce da ƙaramin cikinmu, "Tahi ka juya eriya." Yaro ya tafi yana juya gora a duhu yana kiran "Ya yi?", mu muna amsa "Saura kaɗan!", alhali eriya da wannan magana ko a mafarki ba su haɗu ba.

Shi kuwa mai kwamfutar yana gefe yana cewa, "Alhaji, don Allah a ba ni rimot," babu mai jinsa. A wurinmu rimot sandar girma ce, ba a miƙa wa yaro ita a gaban manya. Ga shi kuma mun naɗe ta da leda mun ɗaure da roba tun ranar da aka sayo, ledar ta yi duhu har ba a ganin rubutu. Da ƙyar da lallami ya samu, ya lalubo maɓalli ɗaya ya danna. Ashe talabijin yana da ƙofofi da yawa a bayansa, kowace da sunanta. Baƙuwa tana tsaye a ƙofar HDMI ta biyu tana ta sallama, mai gida kuwa ya kafa kujera a ƙofar AV yana jiran wani daban. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Muka ce to an gama. Ina! Aka koma ƙofar da ta dace, allo ya yi baƙi ƙirin, ya ƙi cewa komai.

Nan ne yaron ya faɗi abin da ya ba ni kunya a madadin garinmu duka. Ya ce, "Baffa, ba su gaisa ba ne." Wai idan aka kunna kwamfuta, abu na farko da take yi shi ne ta tambayi allon da aka haɗa ta da shi ko shi wane ne. Shi kuma yana da ɗan bayanin kansa a ajiye, masana suna ce masa EDID, inda yake faɗin sunansa, da girman hoton da yake iya ɗauka, da saurin da yake iya sauya shi. Ta cikin wayar nan suke wannan gaisuwa, cikin ƙiftawar ido. To mu mun kunna baƙuwa tun mai gida bai shirya ba. Ta yi sallama ba a amsa ba, sai ta ɗauka babu kowa, ta juya ta aika hotonta ta wata ƙofar. Wani lokaci kuma in gaisuwar ta zo a gurguje ba ta ji amsa sosai ba, sai ta zaɓi mafi ƙanƙantar hoto don kada ta yi laifi, ɗigo 640 a kwance, 480 a tsaye, ka ga rubutu ɓaro-ɓaro kamar allon ɗan farin shiga makarantar allo.

Ku duba fa. Mu ne mutanen da in muka haɗu a hanyar kasuwar Jega sai mun tambayi gida, da iyali, da gajiya, da sanyi, da ruwa, da shanu, mu rabu, mu juyo mu sake wani zagayen. Wanda ya faɗo mana ɗaki babu sallama sai mun yi mako muna maganarsa. Amma na'ura biyu sun nemi daƙiƙa ɗaya su ce wa juna sannu, mun hana su, mun kuma bi ɗaya da mari. Aka kashe komai. Aka kunna talabijin tukuna, aka tsayar da shi a ƙofar da ta dace, sannan aka ba 'yar kwamfuta wuta. Sai ga launuka kamar bakan gizo, sai ga rubutu yana gangarowa. Ɗaki ya ɗauki kabbara. Kawu ya gyara zama ya ce, "Awo. Marin nan sai ya ɗan jima yake kama jiki."

Ana wata ga wata. Hoto ya zo, amma bai cika allo ba. Baƙin layi ya kewaye shi ta ko'ina, sama da ƙasa, dama da hagu, kamar an yi masa kwalli. Wannan kuwa a wurinmu ba ƙaramin laifi ba ne. Mu masu son mudu da tozo ne. Buhun albasar Aliero ma sai an cika shi ya yi hula muke yarda buhu ne. Mutum ya sayar da raguna ya sayi talabijin inci 32, sannan a nuna masa hoto a inci 29? Ina sauran ukun? Wa ya ci?

Abin dariyar shi ne babu wanda ya ci, rashin yarda ne kawai ya yi yawa tsakaninsu. Tun zamanin talabijin mai doro, gefen hoto ba ya fita da kyau, don haka masu ƙera shi suka riƙa faɗaɗa hoton kaɗan yadda gefunan za su ɓuya a bayan firam. Gidajen talabijin ma sun san da haka, ba sa sa wani abu mai muhimmanci a bakin allo. Doro ya tafi, amma halin ya zauna, talabijin da yawa har yau suna yanke gefe. Ita kuma 'yar kwamfutar ta san halinsu, sai take barin sarari tun daga gida, kamar yadda muke ƙara rabin yadi in za mu kai wa tela ɗinki, saboda mun san almakashinsa. To in aka dace da tela mai amana, sai riga ta zo da saura. Namu talabijin bai yanke ba, shi ne sararin ya fito fili. Yaro ya zare ɗan katin ajiyarta, ya sa a wata na'ura, ya buɗe wani fayil mai suna config.txt, ya gyara layi ɗaya da ke cewa ta daina barin gefe. Ya mayar, hoto ya cika taf.

Akasin haka ya fi yawa, kuma duk wanda ya taɓa jona laftof da talabijin ya san shi. Hoto ya yi wa allo yawa, layin ƙasa ya nutse, agogo ya ɓace, ɗan maɓallin rufe shafi ya haura sama ya shige bango. Ka ga mutum yana leƙa gefen talabijin, wallahi na gani da idona, wai ko zai hango sauran a baya. Maganin wannan a rimot yake, cikin saitin girman hoto. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: LG suna cewa Just Scan, Samsung suna cewa Screen Fit, Sony suna cewa Full Pixel, duk ma'anar ɗaya ce, wato nuna abin da aka ba ka, kada ka ƙara kada ka rage. Amma wa zai shiga can? Mu saitin talabijin kamar ɗakin surukai muke ɗaukarsa, ana sanin inda yake, ba a shiga.

Wannan son cika allon ya kai mu inda ba mu zata ba. Tsohon hoto kusan murabba'i ne, huɗu a kwance uku a tsaye. Na yanzu mai faɗi ne, 16 a kwance 9 a tsaye. In ka sa tsohon fim ɗin Hausa na zamanin kaset a sabon allo, dole gefe biyu su zauna baƙi, in dai ana so mutane su fito yadda Allah Ya halicce su. Mu kuwa sai mu ja shi ta ƙarfi ya cika. Jarumin da muka sani siriri kamar sillen kara ya koma ƙato mai kumatu, kowace mota ta zama doguwa, wata ya koma ƙwai. Ka shiga gidan kallo a Jega ko Maiyama ranar wasan ƙwallon Ingila, wani wurin da'irar tsakiyar fili ta zama kamar gwanda, 'yan wasa gajeru masu faɗi suna gudu kamar agwagi, mutum ɗari suna zaune babu wanda abin ya dama. Ka kuskura ka gyara, a ce ka rage musu hoto, a dawo musu da kuɗinsu. Wani abokina yakan ce hoton da muka karya da hannunmu ko masu ɗorin Aliero, da duk sunan da suka yi a ƙasar nan, ba za su iya miƙe shi ba, don su sai mai karaya ya yarda ya karye suke kama shi.

Mu dawo ɗakinmu. Hoto ya cika, amma da aka buɗe tambayoyin gwaji sai rubutu ya fito dishi-dishi, kamar an shafa masa man shanu. Yayata ta ce idon yaran ne, waya ta kashe musu shi. Kawu ya ce a matso da tabarma. Ni na ce ai ga takarda nan manne a kusurwar allo tun daga shago, an rubuta manyan haruffa da lambobi masu ƙyalli, talabijin ɗin nan ba ƙarami ba ne. Ita ma takardar ba ma ɓare ta, ko shekara goma za a yi, don baƙo ya san ba gwanjo muka saya ba.

Yaro ya yi mana lissafi. Hoto ɗigo-ɗigo ne, kamar ɗinkin hula, kowane allo kuma da adadin ɗigon da aka haife shi da shi, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Yawancin masu inci 32 da ke gidajenmu ɗigonsu 1366 ne a kwance, 768 a tsaye, wato miliyan ɗaya da 'yan kai. Cikakken hoto mai kyau kuwa 1920 ne da 1080, miliyan biyu da ɗoriya. Irin namu yana karɓar babban, ba ya musu, har ma yakan faɗa wa kwamfuta a wurin gaisuwa cewa yana iyawa, kamar yadda muke cewa "lafiya lau" muna kwance da zazzaɓi. Sai dai in ya karɓa dole ya matse, ya cusa kayan buhu biyu a buhu ɗaya. Fuskar mutum a fim tana jure wannan matsi, ba ka ma lura. Siririn harafi kuwa ba ya jurewa, nan da nan zai narke. Da aka daidaita abin da kwamfuta ke aikawa da abin da allon yake da shi na gaskiya, rubutu ya fito rangaɗau. Na ɗan ji haushi, ba zan ɓoye ba. Shekara huɗu ina faɗa wa mutane talabijin ɗina ya fi na maƙwabci.

Washegari labari ya zaga, sai Inna ta aiko a kai mata abin ɗakinta ita ma ta gani. Nata mai doro ne, an lulluɓe shi da ƙyalle mai fure, ƙofofinsa uku ne kacal, rawaya da fara da ja. Rawaya ta hoto, sauran biyun na sauti, wannan ko jariri a unguwarmu ya sani. Aka samo wayar da ta dace aka jona, hoto ya fito, amma fari da baƙi, yana ɗan rawa. Inna ta yi murna ƙwarai, ta ce ya tuna mata da kallon da suka yi suna amare. Dalilin kuwa daga nesa ya taso. Duniya ta rabu gida-gida a kan tsarin tsohon talabijin. A da Amurka da Japan suna kan NTSC, mai layi 525. Mu a Najeriya, inda aka fara talabijin a Ibadan a 1959, muna kan PAL mai layi 625, kamar Ingila a da. Ita 'yar kwamfutar, ko da yake 'yar Birtaniya ce, in ba a ce mata komai ba da yaren Amurka take fara magana ta wannan ƙofa. Lamba ɗaya aka sauya a fayil ɗin nan, launi ya dawo. Inna ta dubi allo, ta dube mu, ta ce na farkon ya fi kwanciyar hankali.

Ban manta da malaman makaranta ba, masu laftof ɗan Kwatano mai shuɗiyar ƙofa. Wannan ƙofar sunanta VGA, tana da ramuka 15, kamfanin IBM ya fito da ita tun 1987, ta girmi jihar Kebbi da shekara huɗu. Hoto kawai take ɗauka, ba ta ɗaukar sauti, ba ta taɓa ɗauka ba. Amma duk ranar da aka jona sai mun ƙure murya har ɗari, mun kara kunne a jikin talabijin, mun yanke hukuncin cewa lasifika ta ƙone. Sannan a hau babur a tafi Jega neman wayar da kanta ɗaya VGA ɗaya HDMI, a zaɓi mafi araha. Alhali yarensu daban ne, HDMI da ta zo a farkon shekarun 2000 da lambobi take magana, VGA kuwa da igiyar lantarki mai hawa da sauka, sai an sa ɗan akwatin tafinta a tsakani, shi ma tafintan hanya ɗaya yake fassarawa, in ka sayo na komawa ka sayo ado. Mai shago ya tambaye ka, "Daga ina zuwa ina, Malam?", kai kuma girman kai ya hana ka ce ba ka sani ba, ka ce, "Ba ni dai mai kyau." Araha ba ta ado, mun sani, mu muka yi karin maganar, amma kowane gida akwai leda guda cike da wayoyin da ba su yi ba, ba a zubarwa, wai wata rana za su yi amfani.

Sai maganar wuta, wadda ba sai na tsaya dogon bayani ba. Ita wannan 'yar kwamfuta tana son caja mai ƙarfi, bolt 5 da amfiya biyu da rabi. Mu kuwa duk cajar da bakinta ya shiga caja ce. Aka sa mata ta tsohuwar wayar yayata, sai ga ɗan hoton walƙiya a kusurwar allo, hoto yana ɗaukewa yana dawowa. Kuka take yi tana cewa ba ta ƙoshi ba. Mu muka ce alama ce ta tana caji, muka yaba mata.

A dare na uku komai ya zauna. Caja ta gari, waya ta gari, mai gida ya farka kafin baƙuwa ta yi sallama, rubutu tar kamar a littafi. Yaran nan biyu suka zauna, babbar ta kama linzami da hannu biyu kamar za ta yi daka, ƙaramin yana karanta mata tambaya. Sun amsa ta ɗaya, sun amsa ta biyu, suna cikin ta uku sai ga maƙwabta da tabarminsu, an ji labarin wai abin yana nuna fim. Kawu ya miƙa hannu aka ba shi sandarsa. Aka sa wani tsohon fim, ya fito da baƙin gefe dama da hagu, mutanen ciki daidai su, kyawawa. Kawu ya dube shi na ɗan lokaci, ya dubi ɗan jami'a, ya ce, "Kai, duk karatun naka ba ka ga an rage muna ba?" Ya laluba cikin leda ya danna, jarumi ya kumbura ya cika allo, ɗaki ya ce yauwa.

Da aka tashi, yayata ta zare 'yar kwamfutar ta saka a cikin langa ta rufe, ta ɗora a kan kabad, ta ce abu ƙarami haka in aka bar shi a ƙasa ɓera zai ja shi rami.